Injinan Toyota Highlander Daga Zubin Farko Zuwa Na Huɗu: Abin da Mai Saye a Kaduna Ya Kamata Ya Sani

Toyota Highlander tana cikin manyan motocin iyali da suka fi yawa a titunan Kaduna, daga Kawo har Barnawa, kuma ita ce motar da ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan sa a gaba idan iyali sun yi yawa har Camry ta daina ɗaukar su. Sai dai duk wanda ya saurari yadda ake cinikinta a wurin dillalai zai ji magana tana tsayawa ne a kan shekarar ƙira, da fasalin fitilu, da kujerun fata, da ko tana da layin kujeru na uku. Da wuya mai saye ya nemi sanin injin da ke ciki, in ban da tambayar nan guda ɗaya ta «Fulogi huɗu ce ko shida?» Alhali kuwa daga 2001 zuwa yau, a kasuwar Amurka kaɗai, wadda daga can ne akasarin waɗanda muke hawa suke fitowa, an ɗora wa wannan mota injina har iri goma a cikin zubi huɗu. Injin ne yake yanke wa mai mota abin da zai riƙa kashewa a gidan mai, da irin baƙin man da zai saya, da bakaniken da ya cancanci ya taɓa ta, don haka shi ya fi dacewa a fara dubawa kafin fenti da fitila.

An fara nuna motar a bikin baje kolin motoci na birnin New York a shekarar 2000, aka soma sayar da ita a Amurka a farkon 2001, a Japan da Ostareliya kuma ana kiran ta Kluger. Tushenta ɗaya da Camry da Lexus RX300, wato gangar jikinta a haɗe take da ƙashin ƙasa, injin kuma a gicciye yake zaune yana jan ƙafafun gaba, wasu kuma an ƙara musu jan ƙafa huɗu. Wannan ya raba ta da Prado da Land Cruiser, waɗanda aka ɗora a kan ƙarfen ƙasa mai zaman kansa domin daji da kwazazzabai. Shi ya sa injinanta duk na dangin Camry ne da Sienna da Avalon, kuma ba a taɓa yi mata injin dizal ba. Amfanin wannan dangantaka a wurinmu babba ne, domin kayan gyaran da ake samu a Panteka saboda Camry da Sienna, da yawansu suna shiga Highlander kai tsaye.

Zubin farko, daga 2001 zuwa 2007, ya fito da injina biyu. Ƙaramin shi ne 2AZ-FE mai silinda huɗu da girman lita 2.4, wanda ke ba da ƙarfin doki 155, daga baya aka ɗaga shi zuwa 160. Inji ne da duk bakaniken Kaduna ya san shi ciki da waje saboda Camry, yana amfani da sarƙar taimin wadda ba a canzawa a kai a kai, kuma akwai sarari a gefensa da hannu zai shiga. Rauninsa sananne ne. Gangar injin ta alminiyom ce, kuma zaren ramukan da kusoshin kan silinda suke ɗaurewa a ciki, musamman na ɓangaren baya, yakan cinye idan injin ya sha zafi. Alamar ita ce ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, ko a ga danshi a bayan injin ƙarƙashin bututun shigar iska. Canza gasket kaɗai ba ya magance wannan, sai an sake yi wa ramukan sabon zare da ƙarfen da aka yi domin haka, in ba haka ba matsalar za ta dawo bayan 'yan watanni.

Babban injin kuwa shi ne 1MZ-FE, mai silinda shida a jere biyu da girman lita 3.0 da ƙarfin doki 220, wanda aka yi amfani da shi daga 2001 zuwa 2003. Lafiyayyen inji ne mai laushin tafiya, amma shi ne ya yi ƙaurin suna wajen daskarewar baƙin mai. Idan aka jinkirta canza mai, ko aka zuba mai marar inganci, zafin kan silinda yakan dafa man har ya koma baƙin kunu mai kauri, ya toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi da ragar da famfon mai ke tsotsowa ta cikinta. Matsalar ta yi yawa a Amurka har kamfanin ya tsawaita garantin irin waɗannan injina zuwa shekara takwas a 2002. To, idan haka ta faru a ƙasar da ake samun man kirki a kowane lungu, sai a auna motar da ta shekara ashirin da ɗoriya, rabinsu a zafin Maris da Afrilu na Arewa. Wanda zai sayi irin wannan, kada ya tsaya ga buɗe murfin zuba mai kawai, domin akwai wani faranti a ƙarƙashinsa da ke kare gani. Ya biya bakanike ya kwance marfin kan silinda na gaba. Idan ƙarfen ciki ya yi launin ruwan zuma yana sheƙi, injin ya samu kulawa. Idan kuwa aka ga baƙin abu ya manne a kusurwoyi har ana kankare shi da sukundireba, to komai kyawun jikin motar, kuɗin wani injin yana cikin farashin.

A 2004 aka maye gurbinsa da 3MZ-FE mai lita 3.3 da ƙarfin doki 230, aka haɗa shi da giya mai hawa biyar maimakon huɗu, kuma a shekarar ce aka fara sa layin kujeru na uku. A takardun motocin 2006 da 2007 za a ga an rubuta 215, amma ba injin ne ya ragu ba, hanyar awon ce aka sauya a Amurka. Waɗannan injina biyu na dangin MZ suna amfani da bel ɗin taimin na roba, wanda kamfanin ya ce a canza duk bayan mil 90,000, kimanin kilomita 145,000. A 3MZ-FE tsinkewar bel a kan tafiya kan sa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, wato gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma sauke kan silinda gaba ɗaya. Tun da ba kasafai mota 'yar Kwatano take zuwa da tarihin gyaranta ba, hankali shi ne a canza bel ɗin tare da famfon ruwa da abin ɗaure bel a makon da aka saye ta.

A wannan zubi ne kuma, a ƙirar 2006, aka fito da haibirid ta farko, wadda ta haɗa 3MZ-FE da injinan lantarki ta ba da ƙarfin doki 268 a jimlace. Ta fi 'yan uwanta gudu, amma ragin shan manta bai kai yadda aka samu daga baya ba, kuma a 2011 kamfanin ya yi kiranyen ƙirar 2006 da 2007 saboda matsala a na'urar da ke juya wutar batir zuwa injinan lantarkin. A shekarunta na yanzu ba zan ba kowa shawarar ya neme ta ba, sai wanda ya riga ya san inda zai samu batir da wanda zai duba masa.

Zubi na biyu, daga 2008 zuwa 2013, shi ne inda labarin ya canza, domin da shi ne 2GR-FE ya shigo. Wannan inji mai silinda shida da lita 3.5 yana ba da ƙarfin doki 270, ya bar bel ya koma sarƙar taimin, kuma yana daidaita lokacin buɗewar bawul a ɓangaren shigar iska da na fitar hayaƙi duka. Ya zauna a Highlander daga 2008 har 2016, sannan shi ne dai a Camry mai fulogi shida, da Avalon, da Sienna, da Venza, da Lexus ES350 da RX350. Wannan yawan ne ya sa ya zama injin da ya fi kowanne sauƙin riƙewa a nan: kwayil, da nozul, da famfon ruwa, da ma injin sukutum, duk ana samun su sababbi da na hannu, kuma kanikawan da suka buɗe shi sau da dama ba su da wuyar samu. Fetur ɗinsa kuma ta tsohuwar hanya yake shiga, wato nozul yana fesawa a bakin bawul kafin ya shiga silinda, da matsi marar yawa, abin da ya sa yake haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai fiye da injinan da suka biyo bayansa.

Yana da nasa wuraren da ake sa wa ido. Na farko shi ne bututun da ke kai mai ga na'urar daidaita bawul a jeren silinda na baya, wanda a ƙirar farko-farko aka yi wani sashensa da roba. Idan robar ta tsufa takan fashe, man injin ya tsiyaye cikin 'yan mintuna, kuma direban da ke tsakiyar hanyar Abuja ba lalle ya lura ba sai injin ya kama. Kamfanin ya gyara wannan, daga baya aka koma bututun ƙarfe zalla, don haka mai ƙirar 2008 ko 2009 ya sa a leƙa a tabbatar wanne ne a jikin tasa. Irin wannan roba tana nan a bututun na'urar sanyaya mai a motocin da aka shirya domin jan tirela, ita ma akwai madadinta na ƙarfe. Na biyu shi ne famfon ruwa, wanda kan fara zubar da ruwa a hankali, a ga busasshen abu ruwan hoda ya taru a gefen injin wajen bel. Wurin a matse yake ƙwarai, aikin kuma yana cin lokaci. Na uku ba lalacewa ba ce, wahalar aiki ce: fulogi uku na baya suna ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su. Wannan ne ya sa wasu masu gyara kan canza ukun gaba su bar na baya, mai mota ya biya kuɗin shida. Duk wanda ya kai motarsa wannan aiki ya nemi a nuna masa tsofaffin guda shida a hannu.

A 2009 aka ƙara ƙaramin inji, 1AR-FE mai silinda huɗu da lita 2.7 da ƙarfin doki 187, da giya mai hawa shida, yana jan ƙafafun gaba kawai. Ya ci gaba har ƙarshen zubi na uku a 2019. A nan ne nake ganin masu saye suka fi yaudarar kansu, domin an ɗauka cewa fulogi huɗu dole ya fi shida tsimin mai nesa ba kusa ba. A ƙaramar mota haka ne, amma Highlander tana da nauyin da ya kusa tan biyu kafin a ɗora mata mutum bakwai da kaya, kuma ƙaramin inji sai ya yi ta kuka kafin ya ja wannan nauyi. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka na ƙirar 2014 sun nuna mai fulogi huɗu tana cin kimanin lita 10.7 a kilomita 100, mai fulogi shida da ke jan gaba kuma kimanin lita 11.2. Rabin lita ke nan a kilomita ɗari, a madadin ƙarfin doki sama da 80 da aka rasa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin wuce tirela biyu a jere a hanyar Kachia da mota cike da iyali ya san cewa wannan ƙarfi ba na ado ba ne. Injin kansa ba shi da laifi, mai ƙarko ne, gyaransa kuma ya fi sauƙi da arha, kuma ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce gida da ofis da makarantar yara ba, ya wadatar. Abin da bai kamata ba shi ne a saye shi da niyyar tsimin mai.

Zubi na uku, daga 2014 zuwa 2019, a ido zubi ɗaya ne, amma ta fuskar inji gida biyu ne. Daga 2014 zuwa 2016 tsohon 2GR-FE ne aka haɗa da giya mai hawa shida. Daga 2017 sai aka kawo 2GR-FKS, wanda girmansa bai canza ba amma ƙarfinsa ya hau zuwa doki 295, aka haɗa shi da giya mai hawa takwas. Sabon abu a cikinsa shi ne kowace silinda tana da nozul biyu, ɗaya a bakin bawul kamar da, ɗaya kuma yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, kwamfutar motar ce ke zaɓar wanda zai yi aiki gwargwadon nauyin tafiya. An kuma ƙara matsin silinda daga 10.8 zuwa 11.8. Sakamakon haka shan mai ya sauka zuwa wajen lita 10 a kilomita 100, wato mai fulogi shida ta zo ta fi mai fulogi huɗu tsimi. Farashin wannan ci gaba shi ne ƙarin kayan da za su iya lalacewa: nozul goma sha biyu maimakon shida, da famfon mai na biyu mai babban matsi a kan injin, waɗanda ba sa jure datti ko ruwa a cikin fetur. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, da yadda ya kwantar da motoci a Legas da Abuja. Mai irin wannan inji ba shi da halin sayen mai a galan a bakin hanya, sai dai in larura ta kai maƙura. Giyar mai hawa takwas ita ma an yi ƙorafi a kanta a shekarun farko, na jinkiri da fizga wajen canji da wani siririn kuka, saboda haka gwajin tuƙi mai tsawo wajibi ne kafin a biya kuɗi.

Wannan rabuwa ta 2017 ce ta sa maganar canza fuska ta zama abin lura. Sana'a ce a yanzu a ɗauki ƙirar 2014 a sauya mata bamba da fitilu da ragar gaba ta koma kamar ta 2018, haka ma ta 2008 a mayar da ita kamar ta 2012. Ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye, amma sau da yawa sai dillali ya ce, «Alhaji, ai wannan sabon yayi ce, dubi fuskarta,» a tsaya a nan. Hanyar ganewa ba ta buƙatar na'ura. A buɗe ƙofar direba, a duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, inda aka rubuta wata da shekarar ƙira da lambar shasi mai harafi da lamba 17. Na goma a cikinsu shi ne shekarar samfuri: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, E 2014, H 2017, L 2020, P kuma 2023. Idan lambar ta fara da JTE a Japan aka haɗa motar, idan da 5TD ta fara kuma a masana'antar Princeton ce ta jihar Indiyana, inda aka koma haɗa ta tun 2009. A ƙasan takardar akwai lambar samfuri wadda ke bayyana dangin injin: ACU na 2.4 ne, MCU na 3.0 ko 3.3, ASU na 2.7, GSU kuma na 3.5. A gwada lambar shasin da wadda ke ƙasan gilashin gaba, a tabbatar sun zo ɗaya.

Zubi na huɗu ya fara a 2020 a kan sabon tushe, aka yar da injin 2.7, aka bar 2GR-FKS shi kaɗai a ɓangaren fetur zalla har 2022. A 2023 aka yi abin da masu son motar da yawa ba su ji daɗinsa ba, aka cire fulogi shida gaba ɗaya, aka kawo T24A-FTS mai silinda huɗu da lita 2.4 da turbo. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa da gudu mai tsanani, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda domin ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ƙarfin dokinsa 265 ne, ƙasa da na wanda ya gada, amma ƙarfin murɗawarsa, wanda shi ne ake ji lokacin tashi daga tsaye ko hawan tudu, ya kai Nm 420 a maimakon 357. A tuƙi ba za a ce an yi asara ba. Dalilin sauyin kuwa dokokin hayaƙi ne na ƙasashen da ake ƙera motar dominsu, ragin shan man da aka samu kaɗan ne. Damuwata da shi a nan ita ce turbo da man injin take sanyaya kanta take kuma samun santsi, cikin zafin da ya wuce na kowane sashe, ga shi kuma tana shaƙar duk iskar da matatar iska ta bari ta wuce. A garin da ƙurar hunturu ke rufe sama wata da watanni, kuma jabun baƙin mai ke yawo cikin galan mai kama da na asali, wannan inji yana buƙatar mai shi ya kasance mai tsantseni fiye da yadda akasarinmu muka saba. Har yanzu kuma sabo ne, injinansa na hannu ba su yawaita a kasuwa ba.

Ɓangaren da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba shi ne haibirid. Bayan ta farko, an ci gaba da injin 3.3 har 2010, sannan daga 2011 aka koma 2GR-FXE mai lita 3.5 da jimillar ƙarfin doki 280, a 2017 kuma 2GR-FXS mai 306. Waɗannan suna cin wajen lita 8.4 a kilomita 100. Babban tsallen ya zo ne a 2020, da aka ajiye fulogi shida aka ɗauko A25A-FXS mai silinda huɗu da lita 2.5, jimillar ƙarfi ta sauka zuwa 243, shan mai kuma ya faɗo zuwa kimanin lita 6.5 a kilomita 100. Lokacin da fetur yake da tallafi, bambancin shan mai tsakaninta da mai fetur zalla bai dami kowa ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin, lissafin ya sauya, domin lita uku ko huɗu a kowane kilomita ɗari kuɗi ne na gaske a ƙarshen wata. Ribar ta fi fitowa a cikin gari, a cunkoson titin Ahmadu Bello ko kasuwar Barci, inda injin fetur kan mutu motar ta riƙa lallaɓawa da lantarki, birki kuma yana mayar da wuta cikin batir. A doguwar hanya da gudu ɗaya, kamar kilomita kusan 190 na zuwa Abuja, tazarar takan ragu.

Tsoron da ake yi mata na batir ne, kuma tsoron yana da tushe, amma ya kamata a san abin da ke kashe batirin. Yana zaune ne a ƙarƙashin kujerun tsakiya, kuma da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wasu 'yan tagogi masu raga da ke ƙasan kujerun. Idan aka durƙusa aka haska wurin a motar da ta yi shekara biyu a Kaduna ba a share ba, za a tarar da jar ƙura da zaren darduma da ledar alewar yara sun toshe ragar. Fankar ciki sai ta yi ta juyawa ba iska, batirin ya riƙa aiki cikin zafi, rayuwarsa ta gajarta. Share wannan wuri aikin mintuna ne. A ɗaya ɓangaren kuma haibirid ba ta da wasu kayan da ke yawan ba da wahala a sauran, domin babu abin tayar da inji irin na gargajiya, babu janareton caji, mai jan ƙafa huɗu kuma ba ta da doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya, injin lantarki ne na daban yake juya ƙafafun bayan. Sharaɗin kawai shi ne wutar da ke cikinta ta kai ɗaruruwan volt, wayoyinta masu ruwan lemo ba abin da mai gyaran waya na gefen titi zai taɓa ba ne, kuma kafin a saya dole a sa na'ura a karanta lafiyar kowane rukuni na batirin.

Akwai wata al'ada ta gyara da ta shafi dukkan waɗannan injina, kuma tana da tarihi a garin nan. Kaduna garin Peugeot ne tun da masana'antar da ke Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, kuma manyan kanikawanmu da yawa a kan 504 da 505 suka koyi aiki, injina masu gangar baƙin ƙarfe da ke jure mai mai kauri da ruwan famfo a lagireto. Hannun da ya saba da wannan shi ne yake cire abin daidaita zafin ruwa ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya zuba baƙin mai mai kauri na 20W-50 yana cewa ƙasarmu da zafi. Injinan Highlander na alminiyom ne, kuma na'urar daidaita bawul ɗinsu da matsin mai take aiki ta cikin ƙananan ramuka. Na zubi na uku an rubuta musu 0W-20, haibirid ta 2020 kuma 0W-16, mai tsinkakke kamar man gyaɗa. Mai kauri yakan makara kafin ya isa saman injin da safe, a nan ne ake jin ƙarar nan ta 'yan daƙiƙu idan an tayar da mota. Cire abin daidaita zafi kuma yana sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa mai, shan mai ya ƙaru. Ruwan famfo kuwa yana cin alminiyom da famfon ruwa daga ciki. Abin da yanayinmu yake buƙata shi ne a rage tazarar canza mai da matatar iska, ba a canza nau'in man ba.

Masu tunanin mayar da motarsu ta koma amfani da iskar gas, wanda gwamnatin tarayya take ƙarfafawa tun 2023, su ma injin ne zai yanke musu hukunci. Waɗanda ke fesa mai a bakin bawul, wato 2AZ-FE da dangin MZ da 1AR-FE da 2GR-FE, sun fi sauƙin juyawa. Masu fesawa kai tsaye cikin silinda, 2GR-FKS da na turbo, suna buƙatar kayan juyi na musamman masu tsada, domin nozul ɗin da ke cikin silinda da fetur ɗin da ke ratsa shi yake samun sanyi. Tukunyar gas ɗin kuma a bayan mota take zama, inda layin kujeru na uku yake, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa suka sayi motar tun farko.

Idan aka tambaye ni wanne ya fi dacewa da mai matsakaicin ƙarfi da ke zaune a Kaduna yana zuwa Zariya da Kano da ƙauye lokacin biki, zan ce 2GR-FE, musamman na 2014 zuwa 2016, inda aka riga aka gyara matsalolin farko aka kuma haɗa shi da giya mai hawa shida da ta tabbatar da ƙarkonta. Wanda yawancin tafiyarsa a cikin gari take, kuma yana da halin ta 2020 zuwa sama, haibirid ta fi masa turbo. Zubin farko kuwa yanzu lafiyar motar da ke gabanka ita ce magana, ba sunan injinta ba.

Saura batun injin da aka riga aka canza, domin Highlander da yawa da ke hannu na biyu ko na uku a garin nan ba da injinsu na asali suke yawo ba. Sauya inji ba aibi ba ne idan an sa irinsa, amma kamannin waje yana ruɗarwa. 2GR-FE da 2GR-FKS da na haibirid girmansu ɗaya, sai dai wayoyinsu da nozul da kwamfutar da ke sarrafa su daban-daban ne, ba a musanya su. Hatta 2GR-FE da aka ciro daga Sienna ko Camry sai an mayar masa da wasu kayan jikin tsohon kafin ya zauna daidai. Sunan dangin injin a buge yake a jikin gangarsa kusa da inda ta haɗu da giya, a goge wurin a karanta, a gwada da lambar samfurin da ke jikin ƙofa. Sannan a kunna makulli ba tare da tayar da mota ba, a tabbatar fitilar gargaɗin inji ta kama tare da sauran, ta kuma mutu bayan injin ya tashi, domin akwai masu cire ƙwanta ko su liƙe ta da baƙin salatif idan sun kasa daidaita sabon injin da kwamfutar motar.